Rijiyar Injiniya Mai Gaba Uku

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, mutanen garinmu ba za su bar ni ba. Mutane ne da ba sa tuna ranar da ka yi musu alheri, amma ranar da ka ji kunya sun haddace ta kamar Fatiha. Yau haƙorana huɗu suka rage, jikokina sun cika tsakar gida, amma har gobe in na ratsa ta bakin kasuwa sai wani ɗan banza, wanda ko ubansa ba a haifa ba a lokacin, ya ɗaga murya ya ce, "Injiniya, yaya kifi?" To gara in rubuta abin da hannuna yadda ya faru, kafin su ƙara masa gishiri a kan wanda suka riga suka zuba.

Da farko dai, ni na yi boko. A rubuta wannan a ajiye. Aji huɗu na yi a Talata Mafara kafin mahaifina ya ce ya isa haka, gona na jira. A garinmu kuwa a lokacin, mai aji huɗu shi ke karanta wasiƙa, shi ke gaya wa mutane abin da rediyo ke nufi. Da aka fara aikin dam na Bakolori, Turawa suka zo da motocinsu masu cin tudu, sai aka ɗauke ni cikin 'yan safiyo. Aikina shi ne in riƙe wata doguwar sanda mai lambobi ja da baƙi, in tsaya inda aka ce in tsaya, wani Bature daga can nesa ya leƙe ni ta cikin na'ura mai ƙafa uku, ya kaɗa hannu, in matsa gaba. Wata bakwai ina wannan. Daga Maradun har Bakura babu ƙayar da ba ta san ƙafata ba. Ban taɓa sa idona cikin na'urar nan ba (sau ɗaya na matsa kusa, aka daka mini tsawa da yaren da har yau ban san fassararsa ba), amma na yi lissafi cewa tunda ni Baturen ke kallo tun safe har yamma, to rabin ilimin a jikina yake sauka. Da aiki ya ƙare na dawo gida da hular kwano ruwan ɗorawa, da tef na awo wanda farkonsa ya tsinke, da kuma sunan Injiniya. Ba zan ce ni na raɗa wa kaina ba. Na dai ƙi amsa sunana na yanka har sai da mutane suka gane.

Garinmu a ƙasan dam yake. Kafin a ɗaure gulbi, kowace shekara yakan cika ya malala cikin fadama, ya kwana biyu, ya koma ya bar mana laka baƙa wuluk. A yi shinkafa, a bi da albasa da tattasai da rani. Da aka ɗaure shi sai gulbi ya zama ma'aikacin gwamnati: sai an buɗe masa ofis yake fitowa. Fadama ta bushe ta tsattsage, rijiyoyin gari suka fara ja da baya. Wasu sun rasa gonaki, wasu sun rasa abin da ya fi gona, kuma wannan ba maganar da zan sa cikin takardar raha ba ce. Ni ta kaina zan ba ku.

Cikin waɗanda fadamarsu ta mutu har da surukina, Baba Tunau, mahaifin matata Kulu, mutumin wani ƙauye ta wajen Damri. Sana'arsa biyu: noman albasa da haƙar rijiya. Ɗan siririn tsoho ne mai ƙarancin magana, tafin hannunsa kamar bayan kunkuru. Wata rana a ƙarshen damina ya iso gidana da ɗan gora a rataye, an toshe bakinsa da tsumma. Bayan mun gaisa, na durƙusa, ya tambayi gida da gajiya da ruwa da dabbobi, na tambayi nasa, muka koma muka sake daga farko, sai ya kira Kulu ya miƙa mata goran. Irin albasarsu ne, wata ja mai ƙaton kai wadda ke kai wa damina a rumbu ba ta ruɓe ba. Tun kakansa suke juya ta. Abin da ke cikin goran nan shi ne na ƙarshe a duniya. Irin albasa kuma ba gero ba ne da za a ajiye shi shekaru. Wannan ya riga ya shekara a gora, in bai shiga ƙasa bana ba, ya mutu.

Ya ce mata, "Ɗiyata, bayan gidanku akwai ƙasa mai kyau. Ki yi fangali huɗu kacal, nan kusa da madafi. Tulun da kuka samu daga rijiyar gari ya ishe su. Bana ba riba muka nema ba, iri muka ceto. In bazara ta yi, in Allah ya kai mu, ni zo in gina muku rijiya can gindin surin ga."

Ya nuna wani surin gara a kan ɗan tudu, kusa da danga.

Jama'a, a kan tudu! Ni da na wata bakwai ina tsaye a rana don a gano inda ƙasa ta yi kwari. Na ji ilimina yana tafasa a cikin hular kwano. Kunyar suruki ta ce in yi shiru, aji huɗu ya ce in yi magana. Aji huɗu ya yi nasara.

Na ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, amma a ilimin zamani ruwa ba ya hawa tudu. Gangara yake bi. Kuma me zai sa a jira bazara? Yanzu ƙasa ke da taushi."

Ya dube ni, ya dubi hular, ya mai da idonsa ƙasa. Ya ce, "Malam, ba a ginar rijiya da kaka. Ruwan da ka iske yanzu baƙo na, na damana na, bai zauna ba. Rijiya da bazara aka gina ta, sa'ad da ƙasa ta ƙare ƙarya. Abin da ka iske rannan, shi a naka. Gara kuwa ba ta gina gida inda ba ta da hanyar ruwa a ƙasa."

Na yi murmushin nan da 'yan boko ke yi wa iyayensu, Allah ya yafe mana. A raina na ce, wato gara ce injiniyarsa. Ya yi sallama ya tafi.

Ina da hujja, kada ku ɗauka haka kawai na yi taurin kai. A sansanin Turawa na ga suna da wani kwano da suke auna ruwan sama da shi. Ni ma na samo gwangwanin madara na ɗora a kan katangar bayan gida, kusa da ɗakin tantabaru, kullum da hantsi in tsoma tsinke in auna in rubuta a littafi. Abin mamaki, damina ta ɗauke, mutane har sun fara yankan gero, amma gwangwanina kullum da ruwa. Na gane cewa ruwan dare ne, irin siririn nan da jahilai ba sa ji saboda nauyin barci. In ka ce to me ya sa ƙasa take a bushe da safe, sai in ce maka ai shi ne hujjar: ta shanye, yana nan a ƙasa yana jiran mai ilimi.

Na ɗauko kwalba na zuba ruwa rabi, na kwantar da ita a kan katako, ta zama na'urata. Kwana biyu ina rarrafe a bayan gida da hular kwano, ina kallon inda ruwan kwalba ya karkata. Daga ƙarshe na gano wurin da ya fi ko'ina kwari, can ƙarshen fili. (Wurin ne ruwa ke kwanciya duk damina, agwagi ke wanka. Kowace akuya a unguwar ta san shi ba tare da kwalba ba.) Na kafa turke, na kira gayya, Kulu ta dama fura, majiya ƙarfi suka zo da diga da shebur.

A kwana na uku, a gaba uku (gaba ɗaya shi ne tsawon hannu biyu in mutum ya ware su), ruwa ya ɓulɓulo. Gaba uku! Rijiyar gari gaba goma sha biyu ce. Na tsaya a kan tulin ƙasa na cire hula na ɗaga ta sama. Na ce a daina haƙa, ƙari ɓarna ne. A ranar da za a ce Baturen nan ya zo wucewa, da na ba shi sanda ya riƙe mini.

Kulu ta riga ta yafa irin, ya tsiro yalo-yalo kamar gashin jariri. Da lokacin dashe ya yi ta ja fangali huɗu kusa da madafi yadda mahaifinta ya ce. Na zo na tsaya a kanta.

Na ce, "Huɗu? Matar Injiniya da fangali huɗu? Kwashe su, a kai bakin rijiya. Ashirin za mu yi."

Ta ce, "Malam, Baba cewa ya yi huɗu."

Na ce, "Baba bai ga ruwa a gaba uku ba."

Ta ce, "Ya ga wanda ya fi shi, ya kuma ga tafiyatai."

Na ce mata maganar cikin gida daban, maganar kimiyya daban. Ta tsuguna ta fara cire dashen. Muka dashe irin Baba Tunau kaf, har ƙwaya ta ƙarshe, a fangali ashirin, can nesa da madafi, kusa da ramina.

Al'adarmu, in an yi sabuwar rijiya, akan kira liman da dattawa, babba ya ja gugan farko, a yi addu'a, a raba waina sadaka. Mai hankali yakan yi wannan washegari ya huta. Ni kuwa na ga yadda manya ke buɗe aiki a dam: a ɗaura ƙyalle, a yi jawabi, a yanka da almakashi. Don haka na ce ba za a buɗe tawa ba sai an ɗaure bakinta da siminti an rubuta sunana. Neman siminti ya ci mako uku. Bushewarsa ya ci ɗaya. Na rubuta da ƙusa, baƙi manya-manya: AIKIN INJINIYA. Na sa rana, Laraba, na aika har Damri a gaya wa Baba Tunau shi zai ja gugan farko. Kun ji mugunta. So nake ya ja da hannunsa ya ji nauyin boko.

Saura kwana goma Kulu ta ce, "Malam, igiya ta gaza."

Na ce igiyar kaba ce, takan tsuke in ta sha ruwa. Na ƙara wa igiyar tsawon ɗani guda.

Bayan kwana uku ta ce, "Malam, guga rabi yaka zowa, kuma da laka."

Na ce ba ta iya jefawa ba ne.

Ranar Lahadi ta ce, "Malam, don girman Allah aika ma Baba. Dashen ga sun fara kwantawa. Ko ka bar ni in mai da ko fangali biyu kusa da madafi."

Na ce ai sai bayan biki. Wa zai zo buɗe rijiya ya ga lambu da giɓi?

Ranar Litinin da hantsi na leƙa da kaina. Na ga hular kwanona ba ta dawo mini daga ƙasa ba, domin babu ruwan da zai nuna ta. Laka ce kawai, da wani kwaɗo zaune a tsakiya yana kallona kamar shi ma an gayyace shi. Baƙon Baba Tunau ya yi sallama ya tafi, ko sallahu bai bari ba. An riga an jiƙa shinkafar waina. Liman ya amsa. Suruki na hanya jibi.

A nan ne mutumin kirki zai hau keke ya tafi Damri ya durƙusa ya ce, Baba na yi kuskure, zo ka ceci irinka. Ni sai na tuna gobe Talata.

Duk wanda ya san ƙasarmu ya san ranar Talata gari kan zama kango. Maza kaf suna kasuwar Mafara, daga mai sayar da akuya har wanda zai je kallon mai sayar da akuya. Tun da sassafe na tafi rugar Buba, wani Bafillace abokin wasana da ke zaune bayan gari, na ce ya ara mini jakuna biyu.

Ya ce, "Kaɗo, kai da ke da keke, me za ka yi da jakai? Ko injin ya lalace?"

Na ce yashi zan ɗebo. Ya dubi garewani takwas da na ɗauro, ya ce, "To. Yashin bana ruwa-ruwa ne ke nan." Ya ba ni.

Babban kanal da ya taso daga dam yana da 'yar tafiya daga garinmu, wajen mil guda da rabi. Na bi ta bayan gari, ta cikin karan dawa, na cika garewani, na dawo, na tuttule cikin rijiya. Ƙasa ta ce ƙut, ta shanye. Na koma. Sawu na huɗu ne ruwa ya fara tsayawa a kan laka. Rana ta take, jakuna suna nishi, ni ina nishi, hular kwano ta zama tukunya, ƙwaƙwalwata na dahuwa a ciki (ga wanda ya yarda akwai ta).

A sawu na shida Kulu ta fito ta tsaya tsakanina da rijiyar. Ban taɓa ganin ta haka ba. Ta nuna fangalin. Dashen sun kwanta, bakinsu ya yi fari kamar an babbaka.

Ta ce, "Malam, ruwa ga shi a hannunka. Ga masu ƙishirwa nan. Rami kaka ba?"

Na ce, "Gobe bayan an watse, duk nasu ne."

Ta ce, "Ba su kai gobe. Garwa biyu kawai. Ban roƙe ka zane ba, ban roƙe ka komi ba tun da anka kawo ni gidan ga. Garwa biyu."

Ina so in rubuta cewa na ba ta. Alƙalamin ma ya so ya rubuta. Amma na yi alkawarin gaskiya: na ce mata kowace garwa da lissafinta, na zagaye ta, na juye a rami. Ta koma ciki ta ɗauko tulun shanmu, wanda ta samo daga rijiyar gari, ta bi fangali uku na gefe tana ɗiga musu da moɗa. Ranar da ƙishirwa muka kwana.

Sawu goma sha ɗaya na yi. Kafin 'yan kasuwa su fara dawowa na mai da jakuna, na share sawunsu da reshe, na yi wanka, na zauna ƙofar gida ina yi wa masu dawowa sannu da zuwa kamar wanda ya wuni yana hutawa.

Laraba da hantsi bayan gidana ya cika. Liman, mai gari, dattawa, 'yan gayya, da waɗanda ƙamshin waina ya kira. Buba ma ya zo ya tsaya a baya, ya rataya sanda a kafaɗa. Baba Tunau ya iso da farar riga. Na lura bai dubi rijiyar ba. Fangalin ya duba, ya daɗe yana dubawa. Na yi sauri na ɗaura ƙyalle (ɗankwalin Kulu ne), na buɗe littafin ruwan samana, na yi jawabi. Na ce zamani ya canza. Na ce da ana bin gara, yanzu ana bin lissafi. Na ce ba don in ci fuskar kowa ba, amma gaba uku ba gaba goma sha biyu ba ce. Aka ce, "Gaskiya ne, Injiniya!" Mai gari ya yanka ɗankwali da aska, don ba a samu almakashi ba.

Baba Tunau ya yi bismilla ya jefa guga. Ya ja. Ruwa ya zo, ya kwana ya kwanta, garau. Aka zuba a ƙwarya aka fara zagayawa da moɗa.

Ku saurari mutanen garinmu. Ruwan kanal ne fa, wanda shanun Buba ke tsayawa a ciki su yi abin da suka ga dama, wanda rabin ƙasar Mafara ke wanki a cikinsa. Wani dattijo ya kurɓa ya lumshe ido ya ce, "Kai! Wanga ruwa da zaƙi shi kai. Daga gani daga dutse ya hito." Wani ya ce ya fi na rijiyar gari nesa ba kusa ba. Wani ya sha moɗa biyu ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin ruwa mai daɗinsa ba, har ciwon bayansa ya ji ya saki. Su ne fa yau ke kirana maƙaryaci.

Baba Tunau ya ɗanɗana, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Ya ajiye moɗa. Liman ya ce a ja na biyu don alwala. Baba Tunau ya sake jefawa, ya ja, ya juye a ƙwarya.

Wani abu ya yi fal-fal-fal.

Ɗan kifi ne, karfasa, bai fi yatsa biyu ba, yana zagaya ƙwarya cikin nishaɗi, ba ruwansa da mutuncin kowa. Kowa ya leƙa ƙwarya. Na ji gumi ya taso daga cikin hula ya bi ta bayan kunnena.

Liman ya sunkuya ya duba, ya ɗago ya ce, "Ikon Allah. Injiniya, rijiyar ga kwananta nawa?"

Na ce, "Wata... wata ɗaya da 'yan kwanaki, Allah gafarta Malam."

Ya ce, "Har ta haihu?"

Na ji bakina yana magana ba da izinina ba. Na ce a ilimin ƙasa akwai hanyoyi a ƙarƙashi, jijiyoyi, waɗanda ke haɗa dam da wurare masu kwari, kuma kifi kan biyo su. Wallahi wasu har sun fara gyaɗa kai. Da an bar ni minti biyu da na tsira, da yau ana zuwa ziyara.

Sai Buba ya yi gyaran murya daga baya. Ya ce, "Gaskiyar Injiniya ne, akwai jijiya. Ni na san ta. Ƙafa huɗu gare ta, guda biyu ce. Tun jiya suna kwance a ruga, ko ciyawa sun ƙi ci, bayansu duk ya saɓule."

Ban san dariya na da nauyi ba sai ranar. Mai gari ya zauna a ƙasa. Mai moɗa biyu ya koma gefe yana kakarin amai, yana tsine mini. Daga bayan zana na ji matan da suka zo suyar waina sun kwashe, har da guɗa. Muryar Kulu kaɗai ban ji ba.

Baba Tunau bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya tuɓe farar rigarsa ya rataye a danga, ya shiga lambu ya durƙusa. Ya bi fangali ɗaya-ɗaya yana tona gindin dashe da yatsa. Dariya ta mutu da kanta. Goma sha bakwai ya wuce su bai tsaya ba. A kan ukun nan na gefe, waɗanda suka sha tulun Kulu, ya daɗe. Sannan ya miƙe ya ce, ba da ni yake ba, da zana yake, "Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka. Waɗanga ukku za su yi, in sun sha yanzu."

Ya sa aka kwashe ruwan da na wuni ina zubawa a rami, guga-guga, aka ba fangali uku. Dattawan da suka zo cin waina suka koma 'yan ban ruwa. Da aka gama ya ɗauki ƙwaryar nan mai kifi da hannu biyu, ya zo gabana, ya miƙo mini cikin ladabi kamar mai ba sarki gaisuwa.

Ya ce, "Malam, mai da shi gida, uwatai na nema. In ka tashi dawowa, kak ka dawo hannu wohi. Tunda ka san hanya."

Haka na ratsa tsakiyar gari da rana tsaka, da hular kwano, riƙe da ƙwarya, ina takawa a hankali kada ɗan mutane ya zube. Kuma daga ranar har aka cire albasa, wata uku cur, kullum sawu biyu nake yi zuwa kanal da jakunan Buba, ba ta cikin karan dawa ba, ta bakin kasuwa. Duk wanda na gamu da shi sai ya ce, "Sannu da aiki, jijiya."

Da la'asar ɗin ranar bikin, ina zaune a gindin katanga na rasa inda zan sa fuskata, Kulu ta zo wucewa da moɗa. Na ga ta miƙa hannu ta cika gwangwanin madarata.

Na ce, "Ke! Me kike yi?"

Ta ce, "Ruwan tantabaru. Kullum da safe nika zuba musu, yau hidima ta hana. Ba don su ka aje shi ba?"

Na tashi na shiga ɗaki na ɗauko littafin ruwan sama, ilimin wata biyu, na ba ta ta kunna wuta da shi. Ya kama da kyau. Amfaninsa na farko ke nan.

Fangali ukun nan sun yi. Ba a sayar da ko ɗaya ba. Baba Tunau ya zaɓi manyan kawuna ya adana, aka sake binne su da kaka suka yi fure, aka cika goran nan har da ƙari. Tun kafin nan, da bazara ta yi, rana na tsaga ƙasa, ya zo da digarsa ya fara haƙa a gindin surin gara, a kan tudu. Ni ke jan ƙasa da guga daga sama, ba hula. A gaba goma sha ɗaya ya iske ruwa. Yau Baba Tunau ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, amma rijiyarsa ba ta taɓa ƙafewa ba, kuma jar albasar nan tana bayan gidan kowace 'ya tawa. Bai rubuta sunansa a bakinta ba. Tawa kuwa mai suna, da muka rasa yadda za mu yi da ita, sai muka kewaye ta da zana muka ɗora itace a kai. Ta yi shekaru tana yi wa gidan hidima ta wata fuskar, kuma duk wanda ya tsuguna sai ya karanta AIKIN INJINIYA a tsakanin ƙafafunsa.

Darasin da na koya? Jikokina sukan so in ce girmama na gaba, ko sauraron mata. To, akwai wannan. Tun ranar, in wanda ya taɓa shiga cikin rami yana magana, ni da na riƙe sanda a bakin rami nakan kama bakina, in kuma Kulu ta ce igiya ta gaza, ba na cewa ta tsuke. Amma tsakanina da ku, babban abin da ke cina har yau shi ne, duk cikin aji huɗun nan babu malamin da ya gaya mini cewa in mutum zai yi ƙarya da ruwan kanal, ya tace shi da rariya.

Shi kuwa ɗan banzan da ke tambayata yaya kifi, ba na fushi. Nakan tsaya in dogara sandata in ce, "Lafiya lau yake. Ya ce a gai da kakanka, mai moɗa biyu. Yaya bayan nasa?"